Igiyar da ke Ƙugun Yayana

Shekara shida ke nan ina tsira wa ƙwaƙwalwar kifi allura a ɗakin binciken jami'a, amma a gidanmu da ke hanyar Guri har yau ba a gane aikin ba. Yayana, wanda ya gaji sana'ar su daga mahaifinmu, yakan ce, "Likitan tarwaɗa! Mu muna cin kifi, kai kana sauraron gulmarsa."

Bai yi ƙarya ba. Siririn gilashi nake kafawa jikin ƙwayar jijiya guda, in saurari yadda take harba wuta. A fatarta akwai 'yan ƙofofi, kamar bakin kwalbatin da ake buɗe wa shinkafa ruwa. Wasu su shigo da gishiri, ƙwayar ta harba. Wasu su fitar da wani gishirin, ta lafa. Yawan ƙofofin da saurin rufewarsu ne ke sa wata ta harba sau ɗaya ta huta, wata ta yi ta yi a jere. In masu rufewa suka makara, sai duk maƙwabtanta su ruɗe tare. Da ɗigon magani guda nakan kwantar da su, har da 'yar taƙamata.

Sai farfaɗiya ta kama Yaya.

Na zo hutu bayan ruwa ya fara janyewa, na gani da idona. Yana ware koma a bakin fadama ya faɗi yana shure-shure. Masunta suka dare. A wajenmu an yarda wanda miyan mai farfaɗiya ya taɓa ya ɗauka. Abokinsa da suka shekara ashirin suna cin tuwo kwano ɗaya ya toshe hanci da riga. Ni na juya shi kan haƙarƙarinsa, na goge kumfar da tafin hannuna, na ɗaga musu hannun su gani. Raina ya ɓaci, na yi ta zuba bayanin ƙofofi da gishiri har muryata ta dushe.

Wani dattijo ya bari na gama tsaf, ya ce, "Malam, mun ji, Allah Ya ƙara sani. Amma mu masu iyali ne."

Abin da ya tsinka min zuciya shi ne gora. A kan ƙaton gora Yaya ke kifa ciki ya shiga ruwa, ya ratsa doguwar ciyawar kacala har inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. In farfaɗiyar ta zo masa a can, wa zai kama shi?

Na kawo masa magani daga asibiti a Haɗejiya, irin wanda ke aiki a kan ƙofofin nan da na sani kamar yunwar cikina. Ya sha kwana huɗu ya ajiye.

"In na sha, sai hantsi nake gane gabas. Kifi zai jira ni? Yaran nan su ci bayani?"

Na roƙe shi, na yi fushi, na haɗa shi da Inna. Ya ce kwana in ya ƙare ko a kan tabarma sai a tafi. Da ƙyar ya yarda na ɗaura masa doguwar igiya a ƙugu, ni ina tudu riƙe da bakinta. Masunta suna dariya, wai an yi wa akuya turke a ruwa. Kwana tara muna haka. Duk motsin igiyar sai na ƙara damƙe ta.

Ranar da zan koma, na bi bakin fadamar da igiyar a naɗe, ina miƙa wa mutane ɗaya bayan ɗaya ko wani zai riƙa riƙe masa. Kowa ya yi mini addu'ar sauka lafiya, hannunsa a baya. Yaya ya karɓa ya rataye a reshen giyayya, ya ce, "Tafi, kifayenka na jira." Ya tura goransa.

Ina cikin mota ina hangen igiyar tana lilo, shi kuwa kacala ta riga ta rufe shi.