Yadda Na Kai Jakunkunan Baba Lyon

Ranar Asabar ta farko a hutun watan Oktoba, shekarar da na cika sha huɗu, na hawo benenmu na Clichy-sous-Bois da burodi a hammata, ina haki domin asansar, na'urar hawa bene, ta sake lalacewa, sai na tarar da Baba zaune a ƙasan falo yana naɗe kayan aikinsa a cikin wani tsohon zanen Inna. Ga basilla, ga aska, ga ƴar gudumar katako da dutsen da yake wasa wuƙa a kai. Duk wanda ya ɗauka sai ya goge shi da gefen rigarsa kafin ya ajiye. Na tambaye shi ko tafiya zai yi. Ya ce shi babu inda za shi, kayan ne za su koma Damagaram, akwai ɗan ƙanensa da ya fara koyon dukanci, gara shi ya amfana da su. Bai ɗago ya dube ni ba. Inna tana kicin tana dakan yaji, ta ɗora turmin a kan matashi kamar kullum don kada maƙwabtan ƙasa su buga mana rufi da sandar shara, sai na ji taɓaryar ta tsaya.

Baba baduku ne ɗan baduku. A gida da sana'ar aka san gidansu, amma a Faransa gadi yake yi a ƙofar wani babban kanti, yana tsaye wuni guda cikin baƙar kwat yana duba jakunkunan mutane. Ranakun hutunsa kaɗai yake komawa kansa. Ya shimfiɗa buzu a gaban taga, ya fito da jar fata da baƙa waɗanda matafiya ke kawo masa a ƙasan akwati, ya kama ɗinkin jaka da alabe da takalma. Da warin jima na tashi, har nakan ji shi a littattafan makarantata. Aikina shi ne in shafa wa fata man kaɗanya, in tsince guntayen da suka zuba, in riƙe masa bakin zare idan zai yi tufka. Abin da ya ɗinka kuwa yakan kai wa Alhaji Sani, wani ɗan Maraɗi mai ɗan shago a Barbès, kusa da gadar da jirgin metiro ke bi ta sama. A wannan shekarar tsufa ya kama Alhaji ya koma gida, wanda ya karɓi shagon kuma wayoyi yake sayarwa. Jakunkuna suka taru a kan kabad ɗin ɗakin su Inna har suka kusa taɓa rufi.

Lokacin nan mu yaran unguwa mun fara barin wasan igiya da ƙwallon da muke bugawa tsakanin motoci. Sai ka gan mu jere a kan bencin da ke gaban gini, ko a matakalar bene idan sanyi ya yi yawa, kowa ya sunkuyar da kai. Tawa wayar gado ce daga Yaya Mamman, gilashinta ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, amma idonta na ɗaukar hoto lafiya lau yake. Ƙawayena biyu ne, Awa ƴar Mali da Ines ƴar Aljeriya. A filin lakol, wato makarantarmu, ba mu da zance sai na wa ya sa hoto, wa ya samu masu bi, wa aka yi wa dariya a zauren hirar ƴan aji. Na ga ƴan matan da suka girme mu suna sayar da tsofaffin rigunansu a shafukansu, ba shago ba tebur. Wannan tunanin ne ya faɗo mini ina tsaye a kan Baba, burodin yana hammatata har lokacin. Na roƙe shi ya jinkirta aika kayan, ya bar ni in buɗe shafi a waya in gwada tallata jakunkunan. Ya yi ƴar dariyar da manya ke yi wa yaro, amma bai ɗaure bakin zanen ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: "Ki ɗauki fata, ki ɗauki hannuna in kina so. Fuskarki kuwa ba haja ba ce."

Babu wanda ya koya mini, da ɓata da gyarawa na iya. Na gano cewa hasken safe da ke shigowa ta tagar kicin ya fi fito da jan fata, fitilar falo kuwa mayar da ita take yi kamar ɗanyen nama. Na ari farin zanen gadon Inna na shimfiɗa a kan tebur. Awa da Ines suka riƙa rataya jakunkunan suna sauka daga matakala, ni kuma ina ɗaukar su daga wuya zuwa ƙasa, muna ta dariya har wata tsohuwa ta leƙo ta kore mu. A ƙarƙashin kowane hoto nakan yi rubutu da Faransanci, in ƙara layi ɗaya da Hausa. Da farko ƴan ajinmu kaɗai ke kallo, wani yaro ma ya rubuta cewa irin jakar kakarsa ce, aka yi ta yaɗawa. Na ji zafi, amma na lura cewa duk wanda ya zo dariya sai ya ga jakar. Sannan wata ranar Lahadi na ɗauki hannayen Baba yana aiki, bai ma sani ba. Babu kiɗa, babu magana, sai ƙarar basilla tana huda fata da jan zare. Wannan ɗan bidiyon ne ya fita daga unguwarmu. Mutanen da ban taɓa sani ba suka fara tambayar nawa, kuma ko ana aikawa ta gidan waya.

Ba duka saƙonnin ne na kirki ba. Wani mutum ya fara da tambayar alabe, ya koma tambayar wace ce yarinyar da ke riƙe da jaka, shekarunta nawa, wace makaranta take, ko za ta turo masa hotonta. Na kai wa Inna wayar a take. Da Baba ya dawo daga aiki aka karanta masa, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce a rufe shafin a ranar, shi gara ya mutu yana gadi da a san ƙofar gidansa ta wannan hanya. Na shige ɗaki ina kuka. Inna ce ta bari ya ci abinci ya yi isha'i, sannan na jiyo muryarta ƙasa-ƙasa: "Malam, da a kasuwar Damagaram wani ya tare ta, ai ba hana ta zuwa za ka yi ba. Raka ta za ka yi." Da haka ya sauko. Washegari aka toshe mutumin, aka cire hotunan su Awa, aka kuma yi sabuwar doka. Wayar a ɗakinsu za ta riƙa kwana, saƙonni kuma tare za mu riƙa buɗewa bayan magariba a teburin kicin.

Haka zaman teburin nan ya fara. Ni in karanta da Faransanci in fassara, Baba ya faɗi amsa, Inna tana yankan albasa tana sa baki. Rigimarmu ɗaya ce, shi ba ya yarda a faɗi farashi ba a yi gaisuwa ba. Sai ya ce in tambayi matar nan ya gida, ya yara, ya sanyi, ya gajiyar aiki. Na yi ta faɗa masa cewa nan ba a haka, mutane sauri suke yi. Ya ce in rubuta dai. Abin mamaki, da yawa suka riƙa amsawa, wata har da ba mu labarin ciwon gwiwarta, Baba kuma ya sa na riƙa tambayar gwiwar duk lokacin da ta dawo.

Wajen ƙarshen sanyi wani saƙon murya ya shigo, da Hausa, Hausar Damagaram tsantsa. Wata ce mai suna Hajiya Hawa, tana da shagon kayan abinci da atamfa a La Guillotière, can Lyon. Ta ce wani ɗalibi ɗan Nijar ne ya nuna mata bidiyon, tana ganin zanen da ke bakin alaben ta tuna irin wanda mahaifinta ke ratayawa. Ta ce Malam ya kwaso duk abin da yake da shi ya zo, za ta ba shi tebur a ƙofar shagonta ranar Asabar. Baba ya sa na maimaita saƙon, ya sake sa na maimaita. A hutun bazara muka hau kar, doguwar motar safa, ni da shi, da manyan buhunan leda biyu masu zanen dara. Ita ce tafiyata ta farko da shi mu kaɗai. Ya saka babbar rigarsa ta Sallah, yana ta gyara hula a gilashin taga, ni kuma ina ta duba sanarwar da na sa cewa muna nan tafe, duk mai so ya same mu bayan azahar.

Unguwar ta yi mini kama da Barbès, sai dai ga jirgin taram yana wucewa a tsakiyar titi, ga ƙamshin busasshen kifi da na gasasshen nama suna fitowa daga ƙofa zuwa ƙofa. Hajiya ta rungume ni kamar ta san ni tun haihuwa, ta cika mu da fura. Muka jera kaya, muka zauna. Azahar ta wuce, babu wanda ya tsaya. Baba yana jan carbi yana kallon titi, ni kuma ina tunanin hutun aikin da ya roƙa da doguwar hanyar da na jawo shi. Can sai ga wata Bafaranshiya ta sauko daga taram tana duba wayarta tana duba ƙofofi, ta zo ta nuna mini hoton wata jar jaka da na ɗauka a kan zanen gadon Inna. Ba ta tafi ba sai ga ɗalibai ƴan Nijar, maza da mata, wasu daga ɗakin bincike suka fito, suka durƙusa suna gaida Baba da "Malam, ina wuni, ya hanya." Suka roƙe shi ya nuna musu ɗinkin da idonsu. Ya ciro basilla daga aljihu, ya ɗora fata a gwiwa, mutane suka kewaye shi har mai shagon kusa ya fito kallo. Wani daga cikin ɗaliban ya tambaya wane ne ke kula masa da shafin, don aikin ya yi kyau. Baba ya ajiye basillar, ya dafa kaina a gaban kowa ya ce, "Ɗiyata ce, Balkisa. Ni ɗinki na iya, ita ta iya kiran mutane." Da buhu ɗaya muka koma Paris, shi ma kilishi da atamfar da Hajiya ta ba Inna ne a ciki.

Yanzu Baba ya daɗe da ajiye baƙar kwat. Yana da ɗan ɗakin aiki a ƙasan wani gini, da samari biyu da ke koyo a hannunsa. Ni kuma a Lyon nake zaune, aikina ke nan, tallata hajar kamfanoni a shafukan sada zumunta, da manyan kyamarori da na'urar da ke faɗa mini lokacin da ya fi dacewa in saki hoto. Ina ganin yaran yanzu a taram, kowa da wayarsa shi kaɗai, sun fi mu iyawa nesa ba kusa ba, sai in riƙa fatan a ce akwai wani babba a gida da suke buɗe saƙonninsu tare. Ranar Juma'a Baba yakan kira ni ta bidiyo, ya kusanto da wayar har ba na ganin komai sai goshinsa da hula, ya ɗaga sabuwar jaka ya ce in duba masa ko za ta yi kyau a hoto. Na yi wa mutane da yawa talla tun daga lokacin, amma har yau ban yi aikin da ya kai wancan a raina ba.