Giyar Matattu Huɗu

Ga wani can a kusurwar mashaya a birnin Perth, ciki kamar ya haɗiye ganga, idanu sun fi gwaiduwa rawaya, tabon ƙuna tun daga wuya har kunne. Yau ake tuna harin bam ɗin tsibirin Bali. Da alama duk shekara yakan saya wa abokansa huɗu da suka mutu a harin giya, ya shanye musu.

Mai sayarwa ta jera kofuna huɗu. "Des, likita fa ya ce hantarka ta gama aiki."

"Na ji, uwar iyayi. Miƙo ruwa."

Yana kallon giyar ya ce wa mai sayarwar:

"An saki mai haɗa bam ɗin, Noreen. Ba zan riga shi mutuwa ba, sai na tofa wa kabarinsa yawu."

Ya kurɓi ruwan yana yamutsa fuska kamar maɗaci.