Sunan da Suweiba Ba Ta Faɗa

Suweiba ta zo unguwar Lozells a Ingila daga Kumasi da abu biyu: sana'ar waina da kunyar ɗan fari. Abdul-Aziz ne na farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wannan yaron" take cewa, har ya yi gemu.

Da ƙwaya ta kai shi kotun masu shaye-shaye, ita ke tashinsa ranar gwajin fitsari, ta raka shi har tashar bas. Kotun ba ta gaggawar ɗauri. Alƙaliya ɗaya ce ke ganinsa duk mako biyu, ta duba gwajin, ta tambayi wanda ke tsaye masa a gida. Ya fara murmurewa, har kumatu suka dawo.

Ran nan a kotu alƙaliyar ta juyo ga Suweiba da fara'a. "Mrs Saaka, kina alfahari da ɗanki?"

A gaban mutane? Suweiba ta kau da kai, ta gyara mayafi. "Ni ba ruwana da shi," ta ce, yadda uwarta za ta ce.

Tafinta ya juya maganar yadda take, ba wanda ya nemi dalili. Aka ɗauka ba shi da kowa a gida, aka mai da shi hostel, masaukin marasa gida, inda dillalan ƙwaya ke yini a bakin ƙofa.

Bai kai azumi ba, ƙwayar ta kashe shi. A asibiti nas ta yaye zanen da aka rufe shi, ta ce sai uwar ta tabbatar da sunan mamacin da bakinta.

Suweiba ta faɗa sarai, ta sake maimaitawa. Nas ta ce sau ɗaya ya isa.