Kibod ɗin da ya gyara mini

Laftof ɗin na hannu ne daga Turai, irin waɗanda ake jibgewa a shagunan unguwar Tishigu. Mijina ya sayo shi don in daina rubuta labaran soyayyata a waya. Da ƙananan littattafan kasuwa na girma, na ɗauka miji turare yake kawowa da zobe. Nawa bai taɓa kawo ko ɗaya ba.

Gyaran waya ne sana'arsa. Da ya ga ina fama, babu ƙ babu ɗ babu ɓ, sai ya samo wata manhaja ya sake wa maɓallan aiki. Inda q take ya sa ƙ, x ta koma ɗ, v ta koma ɓ. Ya riƙe hannuna yana duba inda kowane yatsa ke sauka. Ƙaramin yatsana na dama ya karye tun ina yarinya, ba ya miƙewa, don haka ya matso da alamar tambaya kusa.

"Jaruman naki ba sa gajiya da tambayar juna ko ana son su," in ji shi. "Gara ta zo kusa."

Bayan ya rasu, aka zauna rabon gado a tsakar gidanmu na Dabokpa. Ni ina ɗaki, ina takaba. Mai takaba ba ta fitowa cikin maza, kuma ba wanda ya leƙo ya tambaye ni. Sun tarar da laftof a kan teburinsa, sai suka haɗa shi da kayan mamaci. Ba mu haihu ba. Laftof ɗin ya faɗa a rabon ƙanensa, malamin makaranta a Kasalgu. Ta taga na ji.

Bayan na fita takaba sai ga ƙanen nasa da laftof a jaka.

"Matar yaya, abin nan aljanu ne a ciki? Zan buga jarrabawar Turanci, in taɓa q ya ba ni wani harafi mai ƙugiya. Yara za su ce Ticha ya sha wani abu."

Na nuna masa ƙasan allo, inda ake sauyawa zuwa Turanci.

"Na gwada, wallahi. Da na kashe na kunna sai ya dawo. Yaya ma dai, har inji sai ya koya wa taurin kai." Ya yi dariya, sannan ya kalle ni ya daina. "Ki cire shi gaba ɗaya, don Allah. Gobe zan miƙa takardun."

Ban san yadda ake kwafe tsarin maɓallan in ajiye ba. Mai sanin yana maƙabarta. In na cire, ya tafi ke nan.

Na ce ya ba ni minti kaɗan. Ya fita sayen koko. Na ɗora hannuwana, na buga layi ɗaya ban duba ba, komai ya sauka inda ya saba. Na jira kuka, bai zo ba. Fanka tana juyawa, wata maƙwabciya Kirista tana rera waƙar coci tana wanki.

Na shiga wurin saita harsuna a laftof ɗin. Ga sunan da mijina ya sa wa tsarin, sunan da yake kirana da shi in muna mu biyu. Na danna cirewa. Injin bai ko tambaye ni ko na tabbata ba.

Ƙanen ya dawo, ya gwada, ya ce, "Yauwa, Allah ya saka." Ya rataya jakar, ya tayar da babur. Na ɗauki kofin da ya sha koko na kai wurin wanke-wanke.