An Wanke Farantanka, Malam Attahiru

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Attahiru Bawa Bungudu, malamin kimiyyar sinadarai a Gusau. Ciwon ƙafa ne ajalinsa. Ciwon ƙafa fa, jama'a, ga mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana neman abin da zai hana ciwo ruɓewa.

Malam, ni ne Mansur ɗan Delu mai fara ta bakin tasha. Ban wuce aji huɗu ba. Sauran karatuna a tsofaffin jaridun ƙunshe fara na tsinto shi, sai littattafan da ka riƙa ara mini. Da tabon mai nake dawo da su, ba ka taɓa ɗaure fuska ba.

Ranar da ka fara zuwa, ƙafafu da fukafukan farar da ake figewa a zubar ka ce a tara maka. Inna ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Malam, in yunwa ta, ga soyayya nan, ɗauka kyauta." Ka yi dariya har hularka ta karkace.

Kai ka fahimtar da ni cewa akwai wani sinadari a ɓawon fara. A wanke, a daka, a jiƙa a ruwan magunguna, a haɗa da sitacin rogo, a zuba a faranti ya bushe, sai ya fito siriri kamar leda. In an shimfiɗa a kan ciwo ya hana ƙwayoyin cuta sakat, sannan ya narke da kansa, ba sai an ɓamɓaro shi da naman mutum ba kamar auduga. 'Yan majalisar unguwarku suka laƙaba maka Farfesan Fara. Na gan su a sahun gaba wajen jana'iza, har da mai share ido da hannun babbar riga.

A hanyar Tsafe ka faɗi da babur, buhun ƙafafun fara a bayanka, ƙarfe ya yanke ka a ƙwauri. Ciwo ya ƙi, ya fara wari. Na durƙusa na roƙe ka ka ɓamɓaro ko guda daga farantan da ke bushewa a ɗakinka ka manna. Ka ce waɗannan na gwaji ne, jami'a za a kai su, kuma abin da ba a tabbatar ba ba a sa wa mutum, ko da mai shi ne. "Mansur, tawa ƙafa ɗaya ce. Masu jira suna da yawa." Wallahi, Malam, har yau ina jin haushinka.

To ga labarin da ba ka ji ba. Ranar sadakar uku gida ya cika, faranti ya yi kaɗan. Matarka Wasila tana ɗaki cikin takaba. Yayarka Hajiya Uwani ta buɗe ɗakinka ta ga farantai a jere, ta ce, "Ku dubi ƙazanta! Koko ya bushe a faranti. 'Yar boko dai ko wanke-wanke sai an yi mata." Aka kwasa aka jiƙa a ruwan zafi. Aikinka bai ba ka kunya ba, Malam, ya narke tas kamar yadda ka tsara. Na iso na tarar agwagi na wasa a ruwan da ke bin kwata. A kan farantan aka jera waina, 'yan majalisa suka ci suka lashe yatsu, suka ce Allah Ya kai lada kabari.

Jiya Wasila ta tambaye ni ta bayan labule ko farantanka sun gama bushewa, don mutumin jami'a ya ce yana tafe. Na ce mata zan duba.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka, Ya rubuta maka ladan niyya tunda duniya ta hana ka na aiki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Wasila da 'ya'yanka, Mahadi da Nana Khadija, da dangi na Bungudu baki ɗaya. Hajiya Uwani kuwa, Allah Ya ba ta haƙuri sau biyu: na rashin ƙane, da na ranar da za ta san abin da ta wanke. Amin.