Ranar da Na Lulluɓe Na'urar Gwamnati da Jiƙaƙƙen Buhu

Shekarun baya, lokacin da soja ke korar ma'aikata ta rediyo, ina aikin kula da kayan gwaji a wata makaranta a Sakkwato. Maigidana malamin kimiyya ne, ɗan Jos. Ya dawo daga Turai da wata 'yar na'ura wadda ba ta kai ƙwayar gero goma ba. Ya ce an harba wasu ƙwayoyin sinadari cikin jikinta don ta riƙa ganin hasken da idon mutum ba ya gani. Sharaɗinta ɗaya: kada ta sha zafi, don zafi na sa lantarki yoyo a cikinta.

Ran nan ya yi tafiya, aka ɗauke wuta da tsakar rana, watan bazara. Ɗaki ya zama tanda. Ni kuwa sarkin dabara, sai na yi mata abin da muke yi wa tulu: na jiƙa buhu sharkaf, na lulluɓe akwatinta, har ina yaba wa kaina.

Da ya dawo ya haɗa ta da mita a cikin duhun akwati, inda ya kamata allurar mitar ta kwanta tunda babu haske. Sai ta miƙe har ƙarshe. Innalillahi! Kayan gwamnati ne, ga matata da tsohon ciki.

Ya juyo ya ce min, "Malam, wani ya taɓa ta?"

Wallahi ƙarya ta zo har bakina. Na ce, "Ranka shi daɗe, ni na sa mata buhu da ruwa."

Ya ce, "Buhu? Tulu ce?"

Ya ce danshi ne ya kwanta a kanta, lantarki ke bi ta gefe. Ya rufe ta cikin kwalba da gishirin tsotse ruwa. Kwana uku tuwo bai wuce min ba, ko rediyo aka kunna sai in bar wurin.

Rana ta huɗu allura ta kwanta.

Sai ya ciro takarda daga aljihu ya nuna min. Rahoto ne cewa na'ura ta lalace a hannun mai kula da ita, saura sa hannu. Ya ce, "Da ka ce ba ka sani ba, da ban san maganinta ba, da kuwa na sa hannu."

Na tsufa yanzu, amma in na ga tulu da jiƙaƙƙen buhu, sai gabana ya faɗi. Kalma ɗaya ce ta rage tsakanina da waccan takarda.