Tiyon da Na Mayar Yadda Na Same Shi

Mun tashi daga Kano da asuba ranar Asabar, mu uku, kowa da kekensa mai siririyar taya da hular kwano. Shirin shi ne mu bi titin Zariya har Kura, mu sauka hanyar gefen kanal ɗin ban ruwa zuwa Bunkure, mu ci abinci mu juyo. Babbanmu malamin makaranta ne, shi ya san hanya. Ɗayan mai shagon gyaran waya ne, rabin hankalinsa na kan agogon da ke ƙirga masa kilomita.

Titin Zariya da sassafe ba laifi, in ka iya haƙuri da tirela. Hawa da gangarar wurin masu sauƙi ne, mai mota ba ya ma sanin da su, cinya ce kawai ke ba ka labari. A Kura muka sha shayi da biredi, kuɗin bai kai na unguwarmu ba kuma madarar ta fi yawa. An gama yankan shinkafa, an shanya ta a gefen kwalta, kaji na ta kai hari ana korarsu. Mai shayin ya ɗaga kekena da hannu ɗaya, ya tambaye ni ina ake ɗaura buhu. Da na ce ba a ɗaurawa, sai ya ajiye shi a hankali, ya dube ni da tausayi.

Hanyar kanal jar ƙasa ce, ruwa a dama, gonaki a hagu, balbela na bin masu huɗa. Wajen ƙarfe tara muka faɗa wani wuri da ruwa ya ɓalle ya jiƙa hanya. Taɓo ya cika birki da kaca, dole muka sauka.

Nan muka haɗu da wani dattijo mai dashen tumatir. Bayan gaisuwa ya ce da sanyin safiya ya gama dasawa, yau ce ranar ruwan layinsu, da azahar za a rufe ƙofar ruwan daga sama, sai kuma wani satin. Dashen da bai sha ruwa ranar farko ba, in ji shi, sai dai a yi masa ta'aziyya. Ya riga ya sa tiyonsa, wani lanƙwasasshen bututun roba mai kauri, baki ɗaya cikin kanal, ɗayan cikin gona, ruwa na tsallake gaɓa yana bin kunyoyi da kansa. Ya yi mana sallama ya haye tsallake, inda ƙanensa ke bugun shinkafa.

Ni mutum ne mai son keke fes. Na ga ruwa na zuba a banza, a ganina, sai na ɗago bakin tiyon na saita shi kan taya. Ya ɗan zubo, ya yi shaƙuwa, ya tsaya. Na ƙarasa wankin da gorar ruwana. Sannan na mayar da tiyon daidai inda na ɗauke shi, har na gyara masa zama da dutse. Na lura ba ya zuba. Na ce a raina zai kama da kansa, kamar famfon gida in an kawo ruwa.

Daga nan zuwa Bunkure tafiya ce mai daɗi. Albasa ta fara tasowa, rake ya fi mutum tsawo, wasu gonakin kuma masara ce ta rani. Mai shagon waya ya yi faci sau ɗaya, ƙaya ce, muka canza tub a gindin mangwaro. A Bunkure muka ci waina da miyar taushe, muka ɗora fura da nono. Mai furar ta ce ba ta taɓa ganin manyan mutane sun bar mota a gida sun zo shan wahala da kuɗinsu ba. Muka yi azahar, malamin ya ce mu koma ta kanal, domin kwalta da rana ta manyan motoci ce.

Tun daga nesa na hango dattijon tsaye a bakin gonarsa. Ruwan kanal ya janye, saura kaɗan a ƙasa. Kunyoyi uku na farko ne kawai suka jiƙe. Sauran a bushe, 'ya'yan tumatir sun kwanta kan ƙasa kamar zare. Yana juya tiyon a hannu yana neman inda ya fashe.

Da mun wuce da ba mai sani. Na yi tunanin hakan, ba zan ɓoye ba. Amma na taka birki, na ce masa ni ne, na faɗi yadda aka yi. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi keken, ya dube ni.

"Malam, ruwan da ka wanke keke da shi na yafe," ya ce. "Da ka yar da tiyon a kan hanya, da tun daga tsallake na gani na rugo. Sau nawa ina ɗago kai, ina ganinsa zaune a wurinsa. Gyaran da ka yi masa shi ya cuce ni."

"Baba, yanzu me za a yi?"

"Akwai bokiti."

Bokiti biyu ne, sai garwa ɗaya da ya aro. Muka tuɓe takalma muka shiga kanal muna kwarfar abin da ya rage, muna bin dashen tushe-tushe. Hular kwanon da na saya da tsada duk huji ce, ko cokalin ruwa ba ta riƙewa. Mai shagon waya ya kashe agogonsa ba tare da kowa ya ce masa ba. Zuwa la'asar ruwan ya koma taɓo, mun kai kusan kashi biyu cikin uku na gonar. Na tambayi dattijon kunyoyin ƙarshe fa. Ya ce waɗannan sun tafi, kuma irin dashen da ya rena ya ƙare, bana ƙasar za ta huta.

Kafin mu hau, ya nuna mini yadda ake tayar da tiyo: a nutsa shi ya cika, a toshe baki da tafin hannu, a ja shi kan gaɓa a saki. Bai kai tsawon faɗar bisimilla ba. Kunya ta kama ni sosai, fiye da lokacin da yake magana.

Mun shigo Kano dab da magariba. Hanyar tana da kyau, mai keke zai ji daɗinta, sai dai ya riƙe tub biyu kuma ya bar hannunsa a kan kan keke. Abin da na taho da shi shi ne, in ka ɓata abu, ka bar shi a ɓace inda mai shi zai gani, ko ka kira shi ka faɗa masa.

Na jingine keken a zaure da taɓonsa. Maiɗakina, da ta san halina, ta tambaya ko ta kawo mini ruwa in wanke shi. Na ce ta bar shi, wankin da na yi masa yau ya ci kunya shida na tumatir.